Baƙin Gilashi A Hanyar Shinkafi

Batun liƙa baƙar leda a gilashin mota ya daɗe yana jawo gardama a ƙasar nan, kuma a 'yan shekarun nan gardamar ta kai har gaban alƙalai. A manyan birane irin su Legas da Abuja ana iya ɗaukar maganar ta 'yan gayu ce da masu hannu da shuni. Amma a arewacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, inda matafiyi ba ya yin nisa bai tarar da shingen jami'an tsaro ba, magana ce wadda ta shafi rai da dukiya. Saboda haka wannan jarida ta ga ya dace a zauna a dubi al'amarin tun daga tushe, musamman domin amfanin ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ke lallaɓa tsofaffin motocinsu, su ne kuwa suka fi kowa shan wahala idan doka ta rikice.

Da farko dai ya kamata kowa ya sani cewa hanin ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 6 wadda ta hana kowa rina gilashin motarsa, ko dusashe shi, ko yi masa wani abu da zai sa a kasa ganin mutane ko kayan da ke ciki, sai fa da izinin Sufeto-Janar na 'yan sanda ko wanda ya wakilta. Dalilai biyu kaɗai dokar ta yarda da su wajen ba da izinin, watau lafiya da tsaro. Ta kuma ɗora wa duk wanda ya sayi mota mai irin wannan gilashi, ko aka ba shi kyauta, ko ya shigo da ita daga waje, nauyin sake gilashin cikin kwana 14. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko kuwa a gama masa duka biyun.

A lokacin da aka yanke wannan tara ba wasa ba ce, gama mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 250 ne a wata, watau tarar ta kai albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. Tun daga shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000. Tarar da a da take karya ƙugun mutum, yanzu ko rabin tankin mai ba za ta saya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dokar ta tsufa, kuma an bar ta tana tafiya da sandar da aka sassaƙa mata shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Abin da ya fi rikita jama'a shi ne yadda hukumar 'yan sanda ta riƙa sake magana. A watan Yuni na 2021 Sufeto-Janar na lokacin, Usman Alƙali Baba, ya dakatar da ba da takardar izinin baki ɗaya saboda lalacewar tsaro. A shekarar 2025, zamanin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun, aka dawo da ba da izinin, amma sai an nema ta intanet, an biya kuɗi, an kuma kai mota da mai ita an duba, sannan a riƙa sabuntawa kowace shekara. Aka sa ranar fara kame, aka ɗage zuwa watan Agusta, aka sake ɗagewa zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja tana ƙalubalantar tsarin, tana kuma tambayar inda kuɗin ke shiga. Wata kotun tarayya a Warri ta ba da umarnin kowa ya tsaya a inda yake. Aka sake sa ranar 2 ga Janairu 2026, ita ma aka janye bisa umarnin kotu. A nan gida kuwa, tun farkon shekarar 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a kan wani umarni na tsaro wanda a cikinsa aka hana amfani da baƙin gilashi da rufe lambar mota a Jihar Zamfara.

To, a cikin wannan kai-da-kawo, ina mutumin Shinkafi zai sa kansa? Neman izini ta intanet abu ne mai sauƙi ga wanda ke zaune a Abuja. Amma jihar nan ita ce aka rufe wa layukan waya gaba ɗaya a watan Satumba na 2021, kuma har bayan an buɗe, samun layi mai ƙarfi a wajen manyan garuruwa sai an dace. Idan kuma an ce sai an kai mota hedkwatar 'yan sanda, to, tsakanin Shinkafi da Gusau akwai fiye da kilomita 100, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Ke nan a ce mutum ya jefa ransa cikin haɗari domin ya karɓo takardar da aka ce an ƙirƙiro ta ne saboda tsaro. Duk inda doka ta zama da wuyar bi haka, wanda ke cin ribarta shi ne baragurbin ma'aikacin da ke tsaye a bakin hanya yana jiran na goro.

Sai dai kuma, idan an faɗi laifin hukuma, tilas a faɗi na masu motoci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce zafi. Babu mai musun wannan. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma motar da aka ajiye a rana a bakin kasuwar Shinkafi ran Alhamis takan koma kamar tanderu, har sitiyari ya gagari taɓawa. Amma akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata ɗalibai, musamman masu karatun kimiyya da fasaha a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, su taimaka wajen gyara shi a tsakanin iyayensu. Mutane sun ɗauka cewa gwargwadon duhun leda, gwargwadon sanyin mota. Ba haka abin yake ba. Hasken da ido ke gani bai kai rabin ƙarfin da rana ke aikowa ba. Kusan rabi yana zuwa ne ta wani irin haske wanda ido ba ya gani, sai dai fata ta ji ɗuminsa, irin wanda mutum ke ji idan ya tsaya kusa da garwashi. Sauran ɗan kaɗan kuma shi ne hasken nan mai ƙona fata, mai koɗar da kujeru da fasa robar gaban mota. Baƙar leda mai araha, wadda rini kawai aka yi mata, takan tare hasken da ido ke gani, amma ta bar mafi yawan ɗumin ya shige. Sakamakon shi ne mutum ya zauna cikin duhu kuma cikin zafi, ga kuɗinsa sun tafi.

Ledar da ake sayarwa iri-iri ce, kuma a nan ne maganar farashi take. Mafi araha ita ce mai rini, wadda bayan ta sha rana shekara ɗaya ko biyu sai ta koma shuni-shuni, ta yi bororo, ta fara ɓarewa daga gefe. Akwai wadda aka shafa wa ƙarfe siriri, mai ƙyalli kamar madubi. Tana mayar da zafi sosai, amma tana iya raunana layin waya da na rediyo a cikin mota, abin da ba ƙaramin aibi ba ne a ƙasar da layin ma da ƙyar ake samunsa. Akwai mai sinadarin gawayi, wadda ba ta koɗewa da wuri. Mafi tsada ita ce wadda aka yi da ɓurɓushin tangaran, wadda ke iya tare ɗumi mai yawa alhali tana nan garau, ana ganin na ciki sarai. Kowace leda ta kirki tana da lamba mai nuna yawan hasken da take bari ya wuce: kashi 70 cikin ɗari, ko 50, ko 35, ko 20, har zuwa kashi 5, wadda ita ce baƙa ƙirin ɗin nan da ko an kanga fuska ba a ganin komai.

Abin takaici shi ne, mai mota yakan je wurin mai liƙa leda ba tare da ya san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cinikin da ake yi bai wuce "mai duhu sosai" ko "mai ɗan haske" ba, sai a yanko daga bandir ɗin da babu suna babu lamba a jikinsa. Duk ledar daga ƙasashen waje ake shigo da ita, ta biyo ta hannun manyan dillalai a Legas da Kano kafin ta iso Gusau ko Ƙaura, don haka farashinta yana bin dala, kuma tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 babu abin da ya tsaya a inda yake. Wannan gaskiya ne. Amma tsadar dala ba hujja ba ce ta a sayar wa mutum mai rini da kuɗin mai tangaran. Kuɗin aikin kirki ya kamata a iya rarrabe shi a fili: nawa ne kuɗin leda da irinta, gilasai nawa za a liƙa, nawa ne ladan ɓare tsohuwa da kankare danƙonta idan akwai, nawa ne kuma ladan hannu. Mai sana'ar da ya ƙi rarrabewa, akwai abin da yake ɓoyewa. Mai motar da ya nace sai mafi araha kuwa, ya tuna araha ba ta ado.

Maganar ta fi nauyi a kan tsofaffin motoci, waɗanda har yanzu suke da sauran numfashi a wannan yanki. Manyan ma'aikata da suka yi ritaya ba su manta da zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975 ba, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihu, bashin mota kuma ya zama haƙƙin babban ma'aikaci. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tafarkin rage almubazzaranci, har Fijo 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Gilashin motocin nan fari ne tas. Talaka yana ganin Babban Sakatare a kujerar baya, ya ɗaga masa hannu, shi ma ya amsa. Ita kanta Marsandin da aka harbe Murtala a ciki, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, shaida ce ta zamanin da shugaba ke shiga cunkoson motoci kamar kowa. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa, shi ya sa har gobe ake ganinta, ita da a-kori-kura 404, suna ɗaukar buhunan gero da albasa tsakanin ƙauyuka. Mai irin wannan mota yana riƙe da wani yanki na tarihin ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta wata fuskar, liƙa leda a irin waɗannan motoci ya fi sauƙi, domin gilasansu na gefe kusan a miƙe suke, ba su da lanƙwasa irin ta motocin zamani wadda sai an bi da iska mai zafi kafin leda ta kwanta. Amma sauƙin ya tsaya nan. Gilashin da ya shekara arba'in yana shan ƙurar hunturu ya cika da ƙananan ƙarzuna, leda kuwa ba ta ɓoye ƙarzuna, sai ma ta ƙara fito da su. Robobin da ke riƙe da gilashi sun bushe sun tsattsage, cike suke da yashi, kuma da zarar an fesa ruwan sabulu domin a shimfiɗa leda sai yashin ya biyo ruwan ya shige ƙarƙashinta, ya zauna nan har abada. Gashin da ke cikin ramin ƙofa, wanda ke share gilashi idan ana ɗagawa da saukewa, ya cinye, saura ƙarfe tsirara wanda zai zana layi a sabuwar leda cikin mako guda. Ruwan da ya zurara cikin ƙofa kuma yana iya jiƙa kwalin da ke bayan shimfiɗar ƙofar ya kumbura, ya kuma tayar da tsatsa. Gwanin sana'a yakan cire shimfiɗar ƙofa, wani lokaci ma ya zare gilashin ɗungurungum ya ɗora a kan tebur cikin ɗaki mai rufi, ya wanke ya kankare da sabuwar reza, ya yanka leda daidai, ya matse ruwan da roba mai laushi, sannan ya gargaɗi mai mota kada ya sauke gilashi sai bayan 'yan kwanaki. Aikin da ake yi a gindin bishiya a bakin tasha, iska na kaɗawa, cikin rabin sa'a, ba ya daga cikin wannan. Kuma idan aka yi ganganci wajen zare gilashi ya fashe, samun madadin na 404 a yau ba abu ne na yini ɗaya ba. Sai an bi 'yan gwangwan na Kano ko Kaduna.

Akwai kuma wata tambaya da mai tsohuwar mota ya kamata ya yi wa kansa kafin ya buɗe lalitarsa. Mafi yawan motocin nan ba su da na'urar sanyaya ciki, ko kuwa ta mutu tun tuni. Motar da ba ta da wannan na'ura, a sauke gilashinta yake tun daga fitowar rana har faɗuwarta, ledar da aka kashe wa kuɗi tana can cikin ƙofa ba ta tare komai. Lokacin da ake ɗaga gilashin shi ne da dare, ko cikin ruwan sama, ko cikin hazon hunturu, watau daidai lokacin da direba ya fi bukatar ya gani da kyau. Fitilun tsofaffin motoci dama raunana ne. A haɗa raunin fitila da leda mai barin kashi 20 ko kashi 5 na haske, a kan hanya mai ramuka wadda babura marasa fitila da amalanken shanu ke ratsawa, to an gayyato haɗari da hannu biyu.

Saura hujjar tsaro, wadda ita ce mafi wuya, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin ƙaramar hukuma wanda ya san akwai masu kai rahoton motsinsa ga 'yan bindiga, ba za a ce ba shi da dalili ba idan ya so ya ɓoye fuskarsa. Haka nan magidancin da ke son suturta iyalinsa daga idon jama'a, ko da yake dokar 1991 ba ta san da wannan dalili ba. Amma a gari kamar Shinkafi ko Zurmi ko Moriki, inda yara ma sun san motar kowa da ƙarar injinta, baƙin gilashi ba ya ɓoye kowa. Abin da yake yi shi ne ya sanar da cewa akwai wani mai daraja a ciki. A shingen bincike kuwa, sojan da ya kwana bai runtsa ba, wanda ya ga an kashe abokan aikinsa a wannan daji, idan mota ta tunkaro shi da almuru bai ga ko mutum nawa ne a ciki ba, hannunsa a kan kunamar bindiga yake. Kuskuren daƙiƙa ɗaya a irin wannan wuri ba ya gyaruwa.

A ɗaya gefen, kada hukuma ta ruɗi kanta. Kowa ya san waɗanda suka addabi ƙasashen Shinkafi da Zurmi, suka tayar da ƙauyuka, suka hana noma, a kan babura suke zuwa, fuskokinsu a naɗe da rawani, daga dajin da babu hanyar mota. Idan aka tattara ƙarfin 'yan sanda a kan tsohon malamin makaranta mai 504 domin wata koɗaɗɗiyar leda da ya tarar a motar tun da ya saye ta, an bar jaki ana dukan taiki. Kuma jama'a suna lura da cewa motocin da suka fi kowanne duhu su ne na ayarin manya, masu jiniya, marasa lamba, waɗanda ake ɗage wa shinge tun daga nesa.

Babban gibin dokar 1991 shi ne ba ta faɗi adadi ba. Cewa ta yi kada a kasa ganin na ciki, ta bar wa idon ɗan sanda ya yanke hukunci, ido kuwa yakan bambanta da safe da yamma, yakan kuma bambanta gwargwadon abin da ke tafin hannun direba. Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Ingila tilas gilashin gaba ya bar kashi 75 cikin ɗari na haske ya wuce, na gefen direba da na abokin zamansa kuma kashi 70, kuma akwai 'yar na'ura ta hannu da jami'i ke maƙalawa a gilashi ta nuna lamba nan take. A Indiya, ƙasar da zafinta bai gaza na nan ba, Kotun Ƙoli ta hana liƙa kowace irin leda a shekarar 2012, ta tsaya a kan gilashin da masana'anta suka yi bisa ƙa'idar kashi 70 gaba da baya, kashi 50 a gefe. Ko wanne aka zaɓa, mai mota ya san iyakarsa, mai liƙa leda ya san abin da zai sayo, jami'i kuma ba shi da abin ciniki.

Ko yaya shari'un da aka shigar suka ƙare, aikin gyaran dokar yana wuyan Majalisar Tarayya, kuma wakilan Zamfara ta Arewa sun fi kowa dalilin tayar da maganar. A sa adadi a cikin doka, a raba wa 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra da jami'an duba lafiyar motoci na'urar awo, a kuma bar duk ledar da ta cika ƙa'ida ta wuce babu izini babu biya. Izini ya zama na masu bukata ta gaskiya kaɗai, kamar zabiya da masu ciwon fata ko na ido waɗanda likita ya shaida, kuma a ba ofisoshin 'yan sanda na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ikon duba mota a nan inda take, maimakon a tura marar lafiya Gusau. Kafin a kai ga haka, Gwamnatin Jiha tana iya bayyana wa jama'a ta rediyo, da Hausa da Fulatanci, abin da umarninta ya hana da abin da bai hana ba, ta kuma kira shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu gyaran motoci a tashoshin garuruwan nan uku, a amince cewa duk mai liƙa leda zai nuna wa mai mota lambar hasken da ke jikin bandir kafin ya sa reza, ya kuma rubuta ta a rasit.